Rakiyar Bello Zuwa Gidan Talabijin

Sakkwato

Ana sallame asuba muka nufi tasha, ni da Bello taubashina, ɗan kawuna. Shi yana gaba cikin sabuwar riga, ni ina baya ɗauke da jakarsa. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, aka buɗe gidan talabijin a Kaduna, suka ƙirƙiro wata gasa: a kawo tsohuwar kalmar Hausa, dattawa uku kowa ya faɗi ma'anarta, ɗaya gaskiya biyu ƙarya, kai kuma ka canka. Duk kasuwarmu an san ni ne mai tsofaffin kalmomi, don a gaban kakana na wajen uba, marini, na tashi. Amma ranar da wakilinsu ya zo neman ɗan takara na tafi suna Wamakko. Ya tarar da Bello mai goro yana tsare mini rumfata ta sayar da baban rini, ya rubuta shi. Tun ran nan abinci bai yi mini daɗi ba.

Hoton talabijin ɗin ba ya isowa Sakkwato, don haka kawu ya ce in bi shi in zama shaida. Abin da na gani shi gari zai ji.

Gusau

Direban lorin ya ji inda Bello za shi, ya sa shi gidan gaba. Ni aka cusa ni baya, tsakanin buhunan albasa da wata akuya mai cin gefen rigata. A Talata Mafara muka tsaya shan fura, Bello ya roƙe ni in riƙa yi masa bitar kalmomi. Na ce kaina ke ciwo. Wanda ya iya karɓar gayyar wani, ai ya iya fita kunyar kansa.

Da la'asar muka sauka gidan wani abokin cinikin kawu, muka tarar magina na shafe soro. Bello ya ji suna kiran a ƙaro katsi.

"Bawana, wai mi ak katsi?"

Na so in yi shiru, amma baki ya saba. Na ce laka ce da ke kwantawa a gindin karofi, wato ramin rini, a kwashe ta, a busar, a ƙona, a yi shafen gini da ita. Ya ce to, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Kaduna

Washegari jirgin ƙasa ya kai mu Zariya, daga nan muka shiga mota. A gidan talabijin aka shafa wa Bello hoda a goshi, aka zaunar da shi ƙarƙashin fitilu masu zafi kamar maƙera. Ni aka nuna mini benci. Abokin karawarsa wani malamin asibiti ne daga Kano.

Kowace kalma aka kawo na san ta kafin a rufe baki. Bello kuwa fuskokin dattawan yake kallo, yadda yake kallon mai tayin goro, ya nuna wanda bai yi murmushi ba. Wani sa'in ya dace, wani sa'in ya faɗi, ni ina cizon yatsa. Suka zo kunnen doki, saura kalma ɗaya. Mai gabatarwa ya ɗaga allo: katsi. Dattijo na fari ya ce ciwon doki ne, na biyu ya ce wata irin rawa ce, na uku ya faɗi gaskiya. Bello ko jinkiri bai yi ba. Ɗakin ya ɗauki tafi, ni hannuna ya ƙi tashi.

Sai aka tambaye shi inda ya san ta. Ya dubi na'urar ɗaukar hoto ya ce:

"Garba taubashina yas sanar da ni. Duk Sakkwato babu awa shi ga sanin Hausa."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Sunana ya shiga gidajen manyan Kaduna. Da za mu dawo, da kaina na ɗauki jakarsa, har da agogon bangon da aka ba shi kyauta.

Gida

Mun iso ana kiran magariba, zauren kawu cike. Na ba da labari tiryan-tiryan, ban rage wa Bello ko ƙwayar gero ba, ana ta sa masa albarka. Sannan na gyara murya na faɗi abin da ya ce a kaina. Sai wani ya fashe da dariya, saura suka bi. Suka ce dama sun san kishi ba zai bar ni in gama labari ban saka kaina ba. Na juya wajen Bello na ce ya faɗa musu da bakinsa. Ya ɓare goro, ya tauna a hankali.

"Ni dai hitilu sun ɗauke min hankali. Ban tuna na hwaɗi haka ba."

Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu, na gode wa mai masaukinmu na Gusau. Agogon yana nan rataye a rumfar Bello, daura da tawa, kullum da shi nake duba lokacin salla. In akwai mutumin Kaduna da ya kalli shirin ran nan, don Allah in ya shigo Sakkwato ya tambayi rumfar Garba mai baba.