Tsamiyar da Kaka Ta Hana Mu Zuwa

Ko da zan manta duk littattafan da na karanta, ba zan manta bazarar da Yayata ta dawo gidanmu a Koki goyon ciki ba. Ina aji biyar na sakandare a lokacin, kuma ni yarinya ce marar magana, wadda in baƙi suka yi sallama sai ta shige ɗaki da littafinta.

Cikin fari ne, wata bakwai. Ni nake raka ta awo, don ni ce ba na manta kati. Ran nan malamar asibiti ta auna ta, ta latsa ƙafafunta da suka kumbura, ta ce jininta ya fara hawa. Ta ba ta magani, ta ce ta huta, ta riƙa tattaki a hankali a inda akwai iska. "In kin dawo mako mai zuwa bai sauka ba, gado zan ba ki har ki haihu." Yaya ta yi ta hawaye har muka iso lungunmu.

To, ina iska a gidanmu? Tsakar gida kamar tafin hannu, ga rufin kwano, ga janaretan tela a jikin katangarmu yana turo mana hayaƙi. Wuri ɗaya na sani, garkar wata tsohuwa a bayan lungu, wadda kakanninta fatake ne daga Turabulus. Ƙofarta a buɗe take ga mata da yaran unguwa. Akwai darbejiya da gwaiba da zogale, da wata ƙatuwar tsamiya a tsakiya. A nan nake yin bitar karatuna.

Na raɗa wa Yaya, ita kuma ta faɗa wa Kaka. Kaka ta ajiye carbinta. "Mai ciki a gindin tsamiya? Gidan mutanen ɓoye? So kuke a musanya mini tattaɓa-kunne tun bai zo duniya ba?"

Kwana biyu suka wuce, Yaya ba ta barci saboda zafi. A na uku na tafi garka, na durƙusa gaban tsohuwar. Sai da na maimaita tambayar sau uku a zuciyata kafin ta fito. "Baba, tsamiyar nan ta taɓa cutar da mai ciki?" Da na gaya mata Kaka ce ta kafa dokar, ta yi dariya har da tari, ta jawo mayafinta ta ce in shige gaba.

Tun daga zauren gidanmu ta fara yi wa Kaka tsiya. "Ke Hajiya, tsufa ne ya cinye miki tunani? Da kina da cikin uban yaran nan, wa ya kai ki zarya gindin tsamiyata? Da taɓarya kike zuwa kina kaɗowa, ki zauna kina lasa da gishiri."

"Wannan kwaɗayi ne," in ji Kaka.

"To ɗan da kika haifa aljani ne? Ga shi can kasuwa yana auna yadi."

"Wani lokacin ina shakka."

Mamanmu ta juya baya kafaɗunta na rawa. Yaya ta yi dariyar da muka kwana uku ba mu ji ba. Kaka dai ta sakko, amma da sharaɗi: ba tsakar rana, ba almuru, kuma da ita za a je tana tofa addu'a.

Haka muka riƙa fita da hantsi da bayan la'asar. Yaya tana zagaya garka a hankali, ni ina rubuta zagaye nawa ta yi da lokacin shan maganinta a bayan littafin lissafina. In ta gaji ta kwanta a tabarma, barci ya kwashe ta ƙarƙashin tsamiyar, Kaka na yi mata fifita. Kafin mako ya cika, masu ciki biyu daga lungun sun bi sahu.

Ranar awo muka koma asibiti. Malamar ta auna, ta sake aunawa. "Ya sauka. Je ki gida, amma kada ki bar magani, kada ki bar tattaki, kuma duk mako in gan ki." Ni da ba a jin muryata, na riga Yaya shiga gida da gudu ina ihu, "Kaka, ya sauka!" Har tela ya kashe janareto ya leƙo.

Bayan wata biyu Yaya ta sauka lafiya, aka sami mace. Washegari Kaka ta kira ni, ta ce in je in karyo ganyen wankan jego. Na ce na darbejiya? Ta harare ni. "Na tsamiyar."

Yau na san ba itace kaɗai ya yi aikin ba, da magani da kulawar asibiti. Amma na koyi cewa unguwar da ta bar wa bishiya wuri, ta bar wa uwa da jaririnta wurin numfashi ne. Na kuma koyi cewa tambaya ɗaya, in an yi ta ga wanda ya dace, ta fi shirun mako guda.