Facin da Ka Ƙi Saki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, ƙanwata ta bugo min waya daga asibiti ta ce mijinta ya cika. Shi ne injiniyan sauti na gidan rediyonmu, wanda kowa ke kira Mai Baƙin Allo, saboda ba ka taɓa ganinsa sai gaban baƙin allon kwamfuta, rubutu na ta gudu a kai.

An ce in rubuta ta'aziyya, tunda ni ne yayan matarka, kuma ni na fi kowa daɗewa a ɗaki ɗaya da kai. To, zan rubuta, amma ba zan yi maka ƙarya ba don ka mutu. Haushinka nake ji, malam, kuma har yanzu bai sauka ba.

Kai mutum ne mai taurin kan tsiya. Manhajar da muke ɗaukar shirye-shirye da ita ta kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara, kuma akwai haɗaɗɗiyarta da ake saukewa a danna kawai ta hau aiki. Kai ka ce a'a. Sai ka ɗauko ɗanyen rubutunta daga tushe ka haɗa da hannunka, mu kuwa mu yi ta zaman jiran gawon shanu yayin da kwamfuta ke nishi. In haɗin ya faɗi, jan rubutu ya cika allo, sai ka yi murmushi kamar an yi maka bushara. Na taɓa ce maka, "Wai kai ba ka gajiya da wahalar da kanka?" Ka ce, "Yaya, wanda bai haɗa ba bai san abin da yake amfani da shi ba." Wannan "Yaya" ɗin ma da gatse kake faɗarsa.

Gaskiya ɗaya dai, kafin ka zo, duk lokacin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗauka, shirin ya tafi ke nan. Kai ka zauna ka rubuta faci a cikin manhajar, ka sauya yadda take ajiye sauti, ta koma tana adanawa guntu-guntu a wani tsari naka na kanka. Daga ranar ba mu sake rasa ko tari ba. Na kuma tuna tsohuwar nan mai share situdiyo da ta kawo kaset ɗin marigayin mijinta duk ya cinye, ka yi ta fama da shi har muryar ta fito tas. Da ta zo godiya ka kore ta, wai tana tayar maka da ƙura kusa da na'ura. Haka kake, alheri da hannu, masifa da baki.

Amma sau nawa na ce maka ka aika facin nan wa masu kula da manhajar, su sa shi cikin ta kowa? Sau nawa na ce ko ni ka zaunar ka nuna min? Kullum amsarka ɗaya: "Bai yi kyau ba tukuna, sai na ƙara gyara shi." Girman kai ne, ba wani abu ba. Ba ka son baƙon ido ya ga ɗinkinka a karkace. Ka bar ajiyar gidan rediyo gaba ɗaya a kulle cikin tsarin da babu abin da ke buɗe shi a duniya sai haɗin da ke kan kwamfutarka, ka kama hanya ka tafi.

Ba a gama zaman makoki ba ƙanwata ta ja ni gefe. Ta ce, "Yaya, ba ni da muryarsa ko a waya, ka san ba ya aika saƙon murya. Auta ba za ta tuna shi ba. Ka nemo min ko kalma ɗaya ce." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, domin na san kafin kowane shiri kai ke gwada makirufo, kuma ba ka goge komai.

Da na koma ofis sai na tarar Manaja ya riga ni. Wannan bawan Allah, da kuɗin sayen igiyar lasifika ma sai ka yi masa zarya, shi ne ya shiga ɗakinka don a shirya maka shirin tunawa. Ya ga saƙo a allo cewa akwai sabuntawa, ya danna, wai yana gyara maka wuri. Takardar da ka manna a jikin kwamfutar da manyan baƙaƙe cewa kada a sabunta, cewa ya yi ya ɗauka tsohuwa ce. Duk ƙananan manhajojin da haɗinka ya jingina da su suka canza, taka ta ƙi tashi. A rediyo kuwa ya fi kowa kuka, har da cewa an yi rashin ginshiƙi. Allah ya isa tsakaninmu da irin wannan kuka.

Sai ga ni, mai tace shirye-shirye, da furfurata, zaune a kujerarka mai karyayyen hannu ina haɗa manhaja daga tushe. In sa ta haɗuwa, ta yi nisa, ta faɗi: babu kaza. In nemo kazan, ta ce ba wannan sigar ba, tsohuwa take so. In nemo tsohuwar, ita kuma ta ƙi zama da sabon tsarin. Facinka kuwa ko layi ɗaya na bayani babu, sai wani wuri da ka rubuta "kar a taɓa". Kar a taɓa don me? Wa zai tambaye ka? Na zage ka a ɗakin nan, wallahi, na kuma yi istigfari, na sake zagin ka.

Da ƙyar da jiɓin goshi ta haɗu. Na buɗe ajiyar, na tsinto gwaje-gwajenka, na kai wa ƙanwata ina ta washe baki. Ta saurara kaɗan ta ture wayar. Ta ce, "Wannan ba baban Auta ba ne. Muryar ta yi siriri, kuma shi ba ya sauri haka." Na ce mata baƙin ciki ne ya toshe mata kunne. Ta ce, "Yaya, ni na zauna da shi."

Ita ke da gaskiya. Wurin nan da ka ce kar a taɓa, ni na taɓa shi don haɗin ya wuce, ashe nan ka ɗaure saurin da ake karanta sautin da shi. Da ka ƙara kalma uku a gefen, da ba a sa matarka ta saurari baƙo da sunan mijinta ba. Na mayar da shi yadda ka bari, na bi ta wata hanya, na sake haɗawa.

Wannan karon da na kunna mata, sai ga ka, da kaurin muryarka da jan maganarka: "Gwaji, gwaji. Yaya, matsa daga bakin ƙofa, numfashinka na shiga." Gwaji na gaba ma faɗa ne, na bayansa ma haka. Duk ajiyar nan babu inda ka faɗi magana mai daɗi. Ƙanwata ta yi dariya har ta sulale ƙasa, dariyar ta juye kuka, ta rungume Auta tana cewa, "Ji babanki, ji shi."

Saura abu ɗaya da ya kamata ka sani. Jiya na aika facinka wa masu manhajar, yadda yake, a karkacensa, da sunanka a sama. Duk duniya za ta ga ɗinkinka, kuma duk wanda wuta ta ɗauke masa bai rasa aikinsa ba, ladan na binka ko kana so ko ba ka so. In kana da magana, ka riƙe ta har mu haɗu.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka taurin kanka, ya sa alherin da ka ɓoye a bayan faɗa ya tarbe ka a kabari, ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da ƴan'uwanka, da ƙanwata da ƴaƴanta. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari. Ni ma ya ba ni, domin har yau in na shiga situdiyo sai na matsa daga bakin ƙofa.