Tawular Inuwa Kafinta

Shekara tara Inuwa Kafinta ya yi a Jidda yana gyaran ƙofofi a shagon wani mutumin Sham. Da mai shagon ya rasu ya dawo Talata Mafara da jaka ɗaya da wani akwatin katako mai buɗewa biyu. A ciki akwai 'ya'ya talatin, rabi farare rabi baƙaƙe, da ƙwayoyi biyu masu ɗigo irin na lido.

Tawula yake ce wa wasan, kamar yadda ya ji a bakin Larabawa, wato tebur. Maƙwabta suka sa masa darar Makka. 'Yarsa Hikima ta duba a waya ta ce Turawa bakgamon suke cewa, wai don ɗan da aka ci yakan koma baya ya faro tafiya daga farko. Malam Ma'aruf, limamin unguwa, ya leƙa sau ɗaya ya ce a littattafai nardu ne sunansa, daga Farisa ya fito, kuma malamai ba su yarda da shi ba. Daga ranar masu son koyo suka janye.

Mutum ɗaya ya rage, Hayatu, Bafillace daga wata ruga ta wajen Tsibiri, wanda ke kawo awaki kasuwa duk Talata. In ya sallami dabbobinsa sai ya biyo shagon Inuwa, su sha fura, su baje akwatin a kan bencin aiki har la'asar. Hayatu ba ya da yawan magana, amma cikin wata uku ya fara cin malaminsa. Haka suka yi shekara goma sha ɗaya.

Sai 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, aka shiga kallon kowane Bafillace da ido ɗaya. Aka fara zuwa wa Inuwa da magana. Wani ya ce masa a ƙofar masallaci, “Wanga baƙon naka, ka san abin da yake kai wa daji?”

Talatar da ta biyo baya Hayatu ya zo, suka gaisa doguwar gaisuwa kamar kullum. Inuwa bai ajiye zarto ba.

“Yau aiki ya yi mini yawa, Hayatu.”

Hayatu ya dubi shagon. Ba kowa, ba kuma wani aiki sai kujera ɗaya.

“To, Malam Inuwa. Allah shi taimaka.”

Ya saɓa sandarsa ya tafi. Bai sake biyowa ba.

Bayan wata biyu aka tsinci gawarsa a hanyar Maradun. Wasu suka ce 'yan bindiga ne, don ya hana su ɗansa. Wasu suka ce mutanen gari ne suka tare shi. Ba wanda ya bincika.

Inuwa ya hau mashin ya je ta'aziyya duk da an hana shi. Ya tarar da rugar ta tashi, sai turaku da toka. Ya tsaya ya yi addu'a shi kaɗai, ya juyo.

Yanzu ya haura sittin, ido ya fara rauni. Ƙofofi ba a cika kawo masa ba, don mutane sun rage gini. Daga ƙauyukan Garbadu da Birnin Tudu, abin da aka fi aiko masa ya yi shi ne makara.