Laifin Siminti

Daga rumfar mai shayi a Talata Mafara nake hango wani dattijo a ƙofar ɗakin haya, hularsa ta sha wanki har ta manta launinta. Daga gani, kafin aikin dam ɗin Bakolori ya cika gari da baƙi, awakinsa ke kwana a ɗakin nan.

Ɗan hayar, direban tifa da aikinsa ya ƙare, ya ɗaure kaya. Naira goman da ya ajiye saboda ɓarna yake jira, ita ce kuɗin motarsa zuwa gida.

Dattijo yana ƙwanƙwasa ƙasan ɗakin da sanda, yana girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Ina daɓena?"

"Baba, siminti na sa maka, da kuɗina."

"To ka ji ɓarna! Daɓen da tsohuwata ta yi da hannunta ka binne? Naira goma ma ba ta biya."

Direba na nan tsaye, sai ga baƙo da akwati yana cigiyar ɗaki. Fuskar dattijo ta washe.

"Bismilla, ɗana. Amma hwa wanga mai siminti ne, kuɗinai sun ɗara."