Sunan da Aka Kankare a Ƙofar Magajin Gari

Mai fenti ya tsufa da buroshi a hannu. Shi ke rubuta allunan shaguna, kuma duk wanda jama'a suka zaɓa magajin gari, shi ake kira ya rubuta allon ƙofar ofishinsa. Yana da tsarinsa: "Magajin Gari" da fentin mai, sunan mutumin kuma a ƙasa da fentin ruwa. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Kujerar ta gari ce, shi ɗan haya ne. Jiƙaƙƙen tsumma ya ishe shi."

Sai aka zaɓi wani dillalin filaye mai son a durƙusa masa. Ya ce shi bai san wannan zance ba, a rubuta sunansa da fentin mai, ruwan zinare. Mai fenti ya rubuta. Ba a jima ba mutumin ya turo motar rusau ta share layin shagunan bakin tasha, wai zai yi lambu. Har da shagon da mai fenti ya gada wurin mahaifinsa. Lambun nan ko ciyawa bai tsirar ba.

Tsoho ya koma aiki a zauren ƙanwarsa, zuciyarsa kamar ta fashe.

"Yaya, ka bar shi da Allah," in ji ta.

"Na bar shi da Allah. Amma sunan nan ni zan cire shi."

Idonsa ya fara dishi-dishi. Ba mutuwa yake tsoro ba, tsoronsa kada a ba wani aikin. Kullum sai ya wasa wuƙar kankare fenti.

Da dillalin ya sha ƙasa a zaɓe, tsoho bai jira a kira shi ba. Ya je ofishin ya tarar da shi yana kwashe kayansa, masinjojin da ke zube masa a da sun tsaya suna kallo.

"Baba, bar min allon nan in tafi da shi gida," in ji dillalin, murya ƙasa-ƙasa.

"Ranka ya daɗe, allon na gari ne."

Ya sa wuƙa, harafi bayan harafi, ba gaggawa, ana jin ƙarar har ƙarshen baranda. Layin sama ko taɓa shi bai yi ba. Da ya gama, ya tattara ɓawon fentin a tafinsa ya miƙa masa.

"Buɗe hannunka. Ga iyakar naka."