Yadda Muka Ba da Gajeru Muka Karɓo Dogaye

Har gobe ina tuna ranar da aka kira ni gaban kwamiti, hannuna duk garin tuwo. Shekara biyu ke nan bayan ciwon dalmar nan da ya kwashe yara a 'Yargalma, lokacin mota kan tashi daga Gummi ta bi ta Anka ba mai waiwaye don tsoron hanya. Ku da kuke tuƙa tuwon kulob yanzu, a lokacin kuna firamare.

Bari in tsara muku gidan yadda yake, saboda baƙi. Kulob ɗinmu na ƙwallon kwando a nan Gummi na albashi ne, yara da shi suke ci. A sama akwai ciyaman, Alhaji Umaru mai shinkafa, wanda shi da 'yan kasuwa suka kafa shi. Ƙarƙashinsa manaja, mai kula da takardu da mota. Sai koci, Malam Audu, mai horar da yara. Sai ni, Kulu, shugabar madafa, da mata biyu a hannuna. Ba ni cikin kwamiti, amma duk wanda ya yi tsalle ya jefa ƙwallo a kwando, da tuwona ya yi shi.

A wasan nan mutum biyar ke shiga fili daga kowane ɓangare. Dogaye suna tsayawa gindin kwando, in ƙwallo ta ƙi shiga su cafe ta. Biyu kuma suna baya, galibi gajeru, su ke ɗauko ƙwallo su raba wa kowa. Namu biyun su ne Bashiru ɗan Anka da Sanusi ɗan Bukkuyum. Bashiru baki, Sanusi shiru. Amma a fili Bashiru kan jefa ƙwallo bayansa bai duba ba, sai ka ga Sanusi na nan yana jiranta. Mutane na barin kasuwa su zo kallonsu. Tire ɗaya suke ci, kullum suna faɗa a kan ƙanzo.

To, akwai wata al'ada tamu. Da aka kafa kulob, iyaye ba su yarda ƙwallo sana'a ce ba, ba mai sakin ɗansa ga mai takarda. Sai aka koma kawo yaro wurina. Uba ko uwa su kama hannunsa, su sa cikin nawa, su ce amana. Haka Malam Isa tela ya kawo Bashiru, haka Hassi ta kawo Sanusi, ɗanta namiji ɗaya.

Shekarar nan wasa ya yi mana tsauri. Gajerunmu na yin abin mamaki, amma duk ƙwallon da ta daki kwando ta dawo, dogayen abokan hamayya ke kwashe ta a saman kawunanmu. Muka zame ƙasa-ƙasa. Kuma doka ce, kulob ɗin da ya ƙare a ƙarshe sai a sauke shi zuwa ƙaramin rukuni, inda ba albashi. Ana cikin haka wani babban kulob na Jos ya aiko. Suna son Bashiru da Sanusi, su ba mu dogaye biyu a madadinsu. Sharaɗinsu ɗaya: duka biyun, ko a bari.

Kwamiti ya yi ta zama. Manaja ya ce a bayar, in ba dogaye kulob ya mutu. 'Yan kasuwa suka ce in aka bayar wa za a zo kallo? Koci ya rame, don shi ya koya musu komai, kuma shi ya fi kowa sanin manaja na da gaskiya. Bashiru ya ƙosa ya tafi, yana ganin kansa a talabijin. Sanusi ya ce ba inda za shi, ba zai yi nisa da innarsa ba. Rannan na fito da abinci, Bashiru ya ce, “Inna, a zuba mini nawa daban.”

Na ce, “Mi ya samu tiren?”

Ya ce, “Ba ni ci da mai ɗaure mini ƙafa.”

Sanusi ya ɗauki nasa ya koma bayan rijiya. Ranar ƙanzo ya kwana a tukunya.

Da kwamiti ya tsayar da shawarar bayarwa, aka kira yaran su sa hannu. Sanusi ya ce, “Ranka ya daɗe, Inna Kulu anka ba ni. In ta ce in tahi, na tahi.” Shi ne aka aiko kirana.

Na shiga na gaishe su. Alhaji ya ce, “Yaya Kulu, magana ta dawo kanki. Mi kika gani?”

Wallahi da zan bi raina, kalma ɗaya ta ishe ni in riƙe ɗiyana. Na ce, “Alhaji, dogo da gajere ku kunka san su, ni tukunya na sani. Amma abin da anka ba ni riƙo, ba ni miƙa shi ga wani masu shi ba su ji ba. A ba ni mota.”

Manaja ya ce ai takarda ta ba kulob dama. Alhaji ya ce, “Takarda ce ta kawo su nan? A ba ta mota.”

Muka fara da Anka, ni da yaran. Malam Isa na kan keken ɗinki, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, “Inna Kulu, na yarda. Amma wanga yaro bakinsa ya fi shi tsawo. Can wa zai riƙa ce masa kul?” Na ce zan nemo.

A Bukkuyum na tarar da Hassi tana tankaɗe. Ni a zatona za ta fashe da kuka ta ce a'a, in samu abin fakewa. Ta dubi Sanusi ta ce, “Kai, ni kake sa wa laifi? Da kake Gummi, kai ke ɗebo mini ruwa?” Sannan ta juyo gare ni. “Yaya, ki tahi ki ga tukunyar da zai ci. In ta yi miki, ki ba da shi da hannunki. In ba ta yi ba, ki maido mini.”

Kun ji yadda kaya ya dawo kaina.

Muka kama hanyar Jos, ni da koci da yaran, ɗaya a wannan taga ɗaya a waccan. Ba zan ɓoye muku ba, aibu na tafi nema. Ana kai koci kallon fili, ni na ce a nuna mini madafa. Mai madafar wata ƙatuwar mace ce, ana ce mata Mama Ladi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke ce kika ba su abinci suka ƙi tsawo?”

Na ce, “Ke ce kika ba naki suka yi tsawo, kika zo roƙon nawa?”

Ta yi dariya har da dafa bango, ta ce in shiga. Na buɗe tukwane, na shafa gindinsu, na shinshina manja, na leƙa randa. Na ɗanɗana miya. Gishiri ya ɗan yi yawa, amma ba a hana yaro arziki saboda gishiri. Ina tsaye wani dogo ya shigo zai ɗauki nama bai wanke hannu ba, ta kai masa muciya, ya fita da gudu kansa na dukan ƙofa. Na ce a raina, Malam Isa, ga mai cewa kul.

Abu ɗaya ne bai yi mini ba. Kowa da ɗan farantinsa, ya ɗauka ya shige ɗaki. Na kwance ƙunshina na fito da tiren nan, don da shi na taho. Na ce, “Waɗannan biyun tare suke ci. Ƙanzo kuma ki ba su, su yi faɗansu.” Ta karɓa ta ce ta ji.

Na kira Sanusi gefe na ce, “Tukunya ta yi. Saura kai. In ka ce mu koma, mu koma, ba mai zaginka a gabana.” Ya ce, “Inna, in ba ni nan, wa zai cafe wa wancan mahaukacin ƙwallo?” Bashiru na jin mu ashe. Ya ce, “Mahaukaci ne zai kai ka talabijin, ɗan ƙauye.”

Na kama hannayensu na sa cikin na Mama Ladi, na ce amana. Manajansu ya ce to shi ke nan, dogayenmu na mota. Na ce, “Wa ya ba ni su?” Aka yi cirko-cirko. Mama Ladi ce ta gane. Ta fita ta jawo su, Dauda da Bulus, ta ɗaga hannu sama ta kamo nasu ta sa cikin nawa. Ta ce Bulus ba ya son yaji. Na ce zai koya.

Muka dawo gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Sai da kafinta ya ƙara wa gadajensu tsawo, ni kuma na ƙara mudu. Da farko 'yan kallo sun yi fushi, har a kasuwa ana ce mini mai sayar da ɗiya. Amma ba a sauke mu ba, kulob ya rayu, shi ne kuke ci a cikinsa yau. Ranar da aka nuna yaranmu a talabijin kuwa, masu zagin nan su suka cika gidan kallo suna cewa namu ne.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan yaro ba ya zama. Yana zuwa, ya ci, ya ƙware, ya wuce. Kwamiti ya auna tsawo, aikinsa ne. Naku ku san hannun da ya ba ku shi, ku san hannun da kuka ba.

Alhaji Umaru ya rasu, Malam Isa ma, Allah ya jiƙansu. Mama Ladi na ji labarin ta riga mu gidan gaskiya. Koci Audu na nan, gwiwa ta zaunar da shi. Hassi na Bukkuyum cikin ɗakin da Sanusi ya gina mata. Bashiru yana horar da yara a Anka, bakin na nan. Sai ni. Tiren kuma Sanusi ya maido mini da ya bar wasa, shi ne wancan da ke rataye bayan ƙofar madafa. Duk ranar da kuka ga biyu sun daina magana, ku sauko da shi.