Zaren da Na Rataya wa Baba

Ina da shekara bakwai Baba ya kai ni makarantar Bahindiyar nan, kuma ba don ya so ba. Makarantar gwamnati ta 'yan mata ya fara kai ni, suka juya takardunsa gaba da baya, suka ce akwai abin da bai cika ba, ya dawo baɗi. Baba ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ba shi da haƙurin jiran baɗi. Wani abokin aikinsa ya ba shi labarin wata tsohuwa 'yar Indiya a unguwar Hindawiyya, wadda ta zo hajji da mijinta, mijin ya rasu, ta zauna wurin ɗanta tana koyar da yara a tsakar gida. Washegari ya kama hannuna muka tafi. A hanya ya ce, "Uwata, alƙalami nake so in ga kin riƙe. Ba na son ki ɗauki kayan kowa a ka kamar ni." Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

Ustani muke kiran tsohuwar, wato malama a harshensu. 'Yar mitsitsiya ce, da tabarau mai hannu ɗaya, ɗayan ta ɗaure shi da zare. Larabcinta a karye yake, amma ba ta taɓa rasa hanyar da za ta sa ka gane ba. Ta yi koyarwa a wani ƙauye a ƙasarsu, inda ta ce ba a yarda a cika wa yaro kai a bar hannunsa da zuciyarsa a banza ba. Mun kai mu goma sha biyar, Indiyawa da 'yan Yaman da wasu biyu 'yan Jawa ta Indunusiya. Ni kaɗai ce Bahaushiya.

Ranar farko tsintsiya aka ba ni, alƙalami ko ƙyallinsa ban gani ba. Kullum da shara muke farawa, sai wanke hannu, sai mu zauna mu naɗe ƙafa mu yi shiru muna ja da sakin numfashi, abin da ya fi komai ba ni wuya, don tun ina ƙarama bakina ba ya hutawa. Kowa yana da gwangwaninsa na ɗoɗɗoya. Ruwa kuwa a Jidda ta lokacin sai mai jaki ya kawo a ganga, saboda haka ragowar ruwan wanke hannunka shi ne rabon shukarka, in ka yi ɓarna ita za ta kwana da ƙishi. Da hantsi mu haɗa ɗan abincin da kowa ya zo da shi, ba wanda zai kai loma baki sai ya zuba wa na kusa da shi.

Bayan mako biyu ta miƙo mini mazari da 'yar auduga da take karɓowa wurin masu katifa. Na tsani abin nan. In na murza sai zaren ya tsinke, in na haɗa ya sake tsinkewa, har wata rana na yi jifa da mazarin ya bugi bango. Ustani ba ta daka mini tsawa ba. Ta sa na ɗauko, ta ce, "Zaren bai yi miki komai ba. Hankalinki ne ya fita waje wasa, je ki kira shi." Haushi ya sa na zauna na dage, sai ga zare yana fitowa. In mun gama sai mu auna da kamu, mu rubuta adadin a allo, mu tara na jiya da na yau. Sunan auduga da na zare da na tsintsiya su ne kalmomin da na fara haɗawa. Haka karatu ya shige ni ban ma san shi ne karatun ba.

To, bakina ne ya ja mini. In na dawo gida ba na ba da labarin allo, sai dai na shara da kaɗi, don su ne ke burge ni. Wata rana da la'asar Baba ya dawo daga tasha ya ga auduga a gashina, ya kama hannuna ya ga kanta a ɗan yatsa. Ya tambaya, ni kuwa na zayyane masa komai har da wankin makewayi da muke yi bi da bi.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce ya san wannan mazarin sarai. Da shi Inna, mahaifiyarsa, ta ciyar da su shekarun da suka yi a Sudan kan hanyarsu ta zuwa nan, tana kaɗi har yatsunta suka fashe. Ya ce a garin nan ana ganin baƙar fuska sai a miƙa mata tsintsiya, shi kuma da hannunsa ya kai 'yarsa aikatau yana cewa makaranta. "Halas, shi ke nan," in ji shi. "Gobe zan je in gaya mata da bakina. Kin gama."

Na yi kuka har muryata ta dishe. Na rantse masa na iya karatu, ya ce ba ya son ji. Inna tana gefe a tabarma, sai da ya gama ta ce, "Takwara, mazarin nasu na ƙarfe ne ko na itace?" Na ce na ƙarfe. Ta ce, "Tayyib. Gobe da ni za a je, in ga abin da ake kira kaɗi a Indiya."

Da safe muka isa mu uku. Abin da muka fara tararwa shi ne jikar Ustani ta cikinta ta fito daga makewayi da bokiti, ɗan wani babban mai shagon yadi yana biye da ita da tsintsiya, Ustani kuma tana duƙe tana goge tabarmi. Na ga Baba ya ɗan tsaya. Amma ya riga ya ɗauko maganarsa tun daga gida, ya sauke ta duka a tsaye, cikin ladabi.

Ustani ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce, "'Yarka ce, ya sidi, in ka ce ta tafi za ta tafi. Amma tana da aikin da ba ta ƙarasa ba. Ka zauna kaɗan."

Kafin ya ce wani abu Inna ta riga ta ɗauki mazarina tana jujjuya shi. Ta ja zarena ta taɓe baki, ta ce wannan ai igiyar ɗaure akuya ce. Ta nemi allin kaɗi, babu, aka ba ta toka ta shafa a yatsu, ta zauna ta murza. Shekara nawa rabonta da kaɗi, amma zaren ya fito siriri sumul, ko sau ɗaya bai tsinke ba. Ustani ta gyara tabarau ta matso ta duba. Sai ta tashi ta ɗauko matashin da take zama a kai, wanda ba wanda ke taɓawa, ta sa Inna ta hau, ita kuma ta zauna a ƙasa a gabanta. Ta tafa hannu ta ce wa yara, "Ku zo ku zauna. Yau ga malamarku, har da ni."

Na saci kallon Baba. Yana tsaye yana kallon mahaifiyarsa, wadda ba ta san ko alif ba, 'ya'yan Indiyawa da na Yaman sun zagaye ta suna bin yatsunta da ido. Inna kuwa ta samu wuri, tana ta faɗa da Hausa tana gyara musu hannu, suna ganewa. Ustani ta sa na auna zaren Inna, na rubuta kamu nawa ne a allo, na tara da nawa, na rubuta sunanta a ƙasa na karanta da ƙarfi. Baba ya karɓi allon ya daɗe yana dubawa, ko da yake shi ma bai iya karantawa ba.

Daga nan Ustani ta ce in kawo zarena na farko, wanda muka naɗe zagaye-zagaye. Ta ce a makarantarsu ta can, yaro ba ya riƙe zarensa na farko, yana rataya shi ne a wuyan wanda ya kawo shi makaranta. Mu a gidanmu ba a rataya wa babba abu a wuya, na tsaya ina jin kunya da tsoro. Baba ya dubi zaren, mai kauri nan, siriri can, duk ƙulle-ƙulle. Sai ya durƙusa har ƙasa ya sunkuyo da kai, na rataya masa.

Inna ta ce, "Ka ga ragon layya, saura mai saye." Yara suka kwashe da dariya ba su ma ji me ta ce ba. Baba bai yi dariya ba. Ya miƙe ya yi wa Ustani sallama ya fita ya bar ni a nan. Na leƙa ta ƙofa na hango shi ya nufi tasha, zaren yana wuyansa bai cire ba.

Duk da haka ban san matsayina ba, don da ya dawo bai ta da maganar ba. Da asuba na ji yana buga ƙofar ɗakinmu yana cewa, "Yalla, Uwata, za ki makara. Inna, ke ma an ce ana jiranki."

Shekara huɗu na yi wurin Ustani kafin takardunmu su daidaita, Inna kuma tana zuwa duk Talata har ƙafa ta gagare ta. Daga baya ni ma na koyar da yara shekaru masu yawa, kuma ban taɓa fara darasi aji yana da datti ba. Ina gode wa tsohuwar nan har yau, ina sa ta a addu'a tare da iyayena. Ranar da Baba ya rasu, ƙanena ya buɗe gwangwanin da yake ajiye iƙamarsa, wato takardun izinin zama, ya ɗago su ya ce wane irin mummunan zare ne Baba ya ɗaure su da shi haka. Na ce ya ba ni, nawa ne.